Yadda Na Hutar da Baba Roni

Makarantar da na tsallako teku dominta ɗaki biyu ce a saman shagon wani mai wankin kaya. A takardar da suka aiko mini Zariya akwai hoton gini mai hawa huɗu, da ɗalibai cikin fararen riguna sun kewaye injin mota. Da na je, kujeru takwas na tarar, da allo, da wani mutum mai mura yana cin biskit. Na tambaye shi ina injinan da za mu koyi aiki a kansu. Ya nuna mini hoton kafireta manne a bango. Ni da na shekara tara ina kwance kafireta a garejin Tudun Wada, har ina iya haɗa ta ido a rufe! Mako na uku muka zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai wankin kaya ya ce mutumin ya kwashe kujerunsa tun jiya. Ƙarshen karatuna na London ke nan, a ƙarshen shekarun tamanin, cikin wani sanyi da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba.

Komawa gida ba ta ma taso ba. An gaya wa unguwa kaf Sani ya tafi zama injiniya, da wane ido zan sauka Tudun Wada bayan mako uku? Na raɓe a ɗakin wani ɗan Ilori da muka haɗu a jirgi, katifa ɗaya muke karɓa-karɓa, in ya tafi aiki in kwanta. Abin da ya fi sanyin ci mini rai shi ne rashin gaisuwa. In shiga bas in gaishe da na kusa da ni da Turancina mai kyau, sai ya matsa gefe ya rungume jakarsa. Akwai ranar da tun safe har magariba ba wanda ya ce mini ya gajiya. Na zauna bakin katifa na yi kuka sosai, ƙato da ni.

A kasuwar Tottenham Allah ya kawo mini sauƙi. Na jiyo wata murya tana yi wa mai kifi tatas da Hausa, shi kuwa Bature ne, ko kalma ɗaya ba ya ji. Na tsaya a bayanta na kasa motsi. Da ta juyo na durƙusa har ƙasa a kan jiƙaƙƙen titi na ce, "Ina wuni, Hajiya."

"La'ilaha illallahu! Tashi, tashi, za ka ɓata wando. Yaron wa ne kai?"

Hajiya Mariama ke nan, 'yar zangon Kumasi, shekarunta sun doshi saba'in, a Hausarta kuma mace da namiji duk "shi" ne. Shinkafa da wake take dafawa a gidanta tana sayar wa direbobin bas da ma'aikatan asibiti. Ranar ta cika mini kwano har sau biyu, ta ba ni ɗakin can sama kusa da rufi, sannan ta ja ni da kanta wurin wani mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ta ce masa in bai ɗauke ni ba kada ya ƙara zuwa cin abincinta. Ya ɗauke ni. Yadda takarduna suka daidaita daga baya wani dogon labari ne, shi ma da hannunta a ciki.

Na kusa shekara biyu a garejin, wata safiya ana yayyafi, sai ga tsofaffi huɗu sun turo wata tsohuwar motar kaya suna haki. Tabɗijam! Kowannensu ya haura sittin ko yana dab da ita, amma gashi har kafaɗa, fari fat, ga rigunan fata, ɗaya har da ɗan kunne. Na saki baki ina kallo har mai gareji ya zungure ni.

"Tun daga kan gada take tari," in ji dogon cikinsu, Des, wanda shi ne mawaƙinsu kuma shugaba. "Ƙarfe uku muke da wasa a bakin teku. Za ta kai?"

Na ce a tayar da ita, na kasa kunne. Na buɗe kafireta na busa, na ɗaure wata waya da ta saki, na ce ya sake murzawa. Ta tashi ras.

Wani gajere mai sanƙo a gaba da 'yar jelar gashi a ƙeya ya buga tafi. "Da kunne ya gano ciwonta! Des, ka ga ikon Allah?"

Des ya ƙare mini kallo. "Kana tuƙi?"

"Ina yi."

"Kana shan giya?"

"Allah ya kiyaye. Ban taɓa ba."

Suka dubi juna su huɗu, sai ka ce albishir ɗin haihuwa na yi musu. Ashe direbobinsu uku da suka wuce, kowanne su ne ke tuƙo shi gida.

Daga ranar na zama direbansu a ƙarshen kowane mako. Masu kiɗan rok ne, irin mai jita da ƙarar da za ta girgiza maka haƙarƙari. Shekara talatin da ɗoriya baya, in ji su, fayafayensu na garmaho sun shiga gidaje da yawa, an nuna su a talabijin, 'yan mata sun taɓa yaga wa Des riga a ƙofar otal. Na ce a raina cika baki ne na tsofaffi, sai da na gani da idona. Mu isa wani zauren ma'aikata ko wata rumfa a bakin teku, in ga tsofaffin mata suna shigowa da sanda suna ɗingishi, an ci ado. Des ya daki jita sau ɗaya, sai ka ga sandunan jingine a bango, masu su suna tsakiyar fili. Wata ta taɓa jan hannuna ta ce sai na taka. Na ce ni direba ne, ta ce ita ma kakar mutum bakwai ce. Na taka. Allah ya yafe mini, wallahi na ji daɗi.

Gajeren nan mai sanƙo shi ne Roni, mai ganguna. Ganguna biyar da fayafayan tagulla uku yake kewaye kansa da su, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda, baki kuma a washe. Ƙara ta kashe masa kunnen hagu tun tuni, don haka shi ke zama gaba a mota, kunnen dama yana wajena. Ya ce in riƙa kiransa Roni kawai. Na ce bakina ba zai iya ba, ya girmi mahaifina. Na sa masa Baba, ya karɓa yana dariya, har sauran ukun suka ɗauka suna tsokanarsa da shi.

Mutumin nan ya yi mini abin da ba zan manta ba. Idan lokacin salla ya yi a hanya, shi ke cewa a tsaya. In shimfiɗa darduma a gefen wurin ajiye motoci, shi kuma ya tsaya a kaina da lema yana hararar duk wanda ya tsaya kallo. Da ya ga rigar sanyina ta kasuwar gwanjo, washegari ya zo mini da tasa mai gashin tunkiya, ya ce ta matse shi, alhali na fi shi ƙiba. Da azumi kuwa ya hana kowa cin komai a cikin mota. Mai ƙaramar jita ya ɓoye tsiran alade a hula, Baba Roni ya kama shi ya jefar ta taga, har da hular. Shi ya fara kai ni bakin teku ya sa na cire takalmi na taka ruwan. Na yi ihu don sanyi, su huɗu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shekara uku muka yi a haka, kuma ban san wasu shekaru da na yi dariya kamarsu ba.

Amma akwai abin da ke cina a rai. A wurinmu dattijo mai irin shekarunsa tabarma ake shimfiɗa masa a zaure, a kawo masa fura, jikoki su hau masa jiki. Idan ka ga tsoho yana fafutuka da ƙarfinsa, tambayar farko da za a yi ita ce, ina 'ya'yansa? Ni kuwa ina ganin Baba Roni yana naɗe yatsunsa da filasta kafin wasa, bayan wasa ya tsoma su a ruwan ɗumi yana cije leɓe. Wani lokaci in ga ɗigon jini a fatar ƙaramar ganga. Kullum sai mun yi kokawa a kan akwatin babbar ganga, ni in ja shi ya ja, don ni ba a koya mini barin babba da kaya a hannu ba.

Wata safiya a wani gari na arewa, muna loda kaya a ƙofar masauki, na waiga na gan shi zaune a bakin titi. Fuskarsa ta yi fari fat, ya dafe ƙirji. Ya zaro wata 'yar kwalba, ya sa ƙwaya ɗaya ƙarƙashin harshe, ya rufe ido. Can ya buɗe ido ya kashe mini ɗaya.

"Ba ka ga komai ba, Sani."

Na ce to. Amma na gani.

Bayan mako biyu ya turo mini wata mata da mota sabuwa fil, a duba mata burki. Ta ce sunanta Sandra, 'yar Roni ce, likitar haƙori. Da na mayar mata da motar na ga gidan: hawa biyu, lambu gaba da baya. Kai! Na dawo Tottenham raina a ɓace, na zayyana wa Hajiya komai tana tsince wake.

Ta ajiye tire. "Yarinyan likita ne? Kuma uban shi yana buga ganga a gidan giya da ciwon zuciya? Subhanallahi! Bai da kunya ne? Ai sai a samu mai gaya mishi gaskiya."

Abin da nake son ji ke nan. Ranar Lahadi bayan azahar na fito da babbar rigata ɗaya tilo, na kafa hula, na sayi kwandon 'ya'yan itace, don ba a zuwa babbar magana hannu rabbana. Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suna kallona, ni kuwa ina jin kaina wani jakadan alheri.

Sandra ta buɗe ƙofa ta ɗauka wani abu ne ya samu motar. Na zauna na gaishe ta, na tambayi maigidanta, da yara, da aiki, da sanyi. Sai duban agogo take yi. Daga nan na gyara murya na ce ni baƙo ne a ƙasarsu, ta yi mini afuwa, amma a inda na fito idan Allah ya ɗaga ɗa, abu na farko da yake yi shi ne ya hutar da mahaifinsa. Na ce ba daidai ba ne tana cikin wannan gida ubanta yana yawon gari-gari yana zubar da jini a kan ganga don ya ci abinci.

Fuskarta ta yi ja wur. "Malam, ka san da wa kake magana? Shekara goma ina roƙonsa ya bari!"

Na ce to ai yanzu dole ce, tunda abin ya kai ga zama a bakin titi da ƙwaya ƙarƙashin harshe.

Ta daina duban agogo. "Wace ƙwaya?"

Nan na gane ba ta sani ba. Da mai hankali ne da ya kama bakinsa. Ni kuwa sai na ƙara gyara zama na ba ta labarin tiryan-tiryan, har da kwatanta girman kwalbar. Ta yi kuka, ta yi mini godiya, ta raka ni har bakin titi. Na dawo gida ina jin na yi aikin lada.

Cikin mako guda ta kai shi asibiti, ta kwaso shi daga gidansa ta dawo da shi nata, aka ɗaure gangunan aka tura ɗakin ajiya. Des ya zo gareji ya same ni a ƙarƙashin mota, ya ja ni ta ƙafa.

"Kai ne ka kai tsegumi?"

"Ba tsegumi ba ne, gyara ne."

"Gyara! Wa ya aike ka?"

Bai kore ni ba, don ba su da wani direban da ba ya sha. Suka sayo wani akwati mai lantarki da ke buga ganga da kansa. Akwatin ba ya kuskure, ba ya gajiya, ba ya kuma dariya. Muka je wurare uku da shi, tsofaffin matan nan suka zauna da sandunansu a hannu suna tafi na ladabi. Wuri na huɗu aka bugo waya aka ce an soke wasan. A mota ba mai magana, kujerar gaba kuma ba wanda ya yarda ya zauna a kai.

Duk da haka ban saduda ba. Na ce su son kansu suke yi, shi dai tsoho ya huta. Bayan mako shida na sake saka babbar rigar na tafi gaishe shi, har ina shirya yadda zan ce masa ba komai idan ya fara godiya.

Na same shi a falo kan kujera mai laushi, an lulluɓa masa bargo a gwiwa da rana tsaka. An aske 'yar jelar gashin. Talabijin na ta yi, ba ya kallo. Yatsunsa sun warke sumul, suna kwance a kan bargon ba motsi. Cikin mako shida mutumin ya tsufa tsufan da bai yi ba a shekara ukun da na san shi.

Na durƙusa. "Baba, ina wuni. Ya jiki? Ya hutu?"

Bai dube ni ba. "Ka zo ganin aikinka?"

Na ce, "Baba, wallahi don alheri na yi. A wurinmu idan uba ya tsufa 'ya'ya ne ke karɓar masa wahala. Raina ne ya kasa ɗauka."

"Wahala," in ji shi. Sai a lokacin ya juyo. "Sani, ka ɗauka don abinci nake yi? Ina da gidana, ina da fanshona. Da zama nake so da na zauna tun kana makarantar firamare. Na yi dako a tashar jirgin ruwa ina saurayi, na san wahala, ba ita ce wannan ba. Awa ɗayan nan da nake yi a kan kujerar ganga, ita kaɗai ce babu inda ke mini ciwo. Sauran kwanakin mako jira nake yi." Ya ɗaga hannuwansa ya dube su ya mayar. "Yanzu me nake jira?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara uku kana zaune gefen kunnena mai ji," ya ce. "Ko sau ɗaya ka tambaye ni?"

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na wuce tashar tube ban gan ta ba, sai da na yi tafiyar kusan awa a ƙafa da babbar riga. Mutumin da ya tsaya mini da lema a ruwa, ni na raba shi da abin da yake tashi dominsa kowace safiya, kuma har ina jiran godiya.

Na tarar da Hajiya a kicin tana juya tukunya. Na gaya mata abin da ya ce, kalma da kalma. Ta daina juyawa.

"Yarona na Woolwich," ta ce, "shekara biyar yana ce in bar tukunya, shi zai ba ni komai. Ka san abin da na gaya mishi? Na ce ranar da ya zo ɗaukan tukunya, ya taho da likkafani."

"Haba Hajiya! To me ya sa kika ce mini in je?"

"Na ɗauka na Bature daban ne." Ta buga ludayi a bakin tukunya. "Ni da kai duka mun yi shisshigi. Kai ka ɓata, amma yaro bai zuwa ban haƙuri shi kaɗai, sai da babba. Ranar Lahadi ka ɗauko wannan dogo mai jita, mu tafi."

Haka muka tafi mu uku a motar kaya, Hajiya a gaba da tukunya a cinya naɗe da zane, Des a baya yana ta cewa shi bai ga amfanin wannan tafiya ba. Sandra ta buɗe ƙofa ta ga tawaga. Kafin ta ce uffan Hajiya ta wuce ta gefenta ta nufi kicin tana tambayar ina faranti. Ta ce a wurinsu ba a magana da yunwa. Ta zuba wa kowa, na Baba Roni daban, ba gishiri ba yaji. Ya ce ba ya ci. Ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu har ya cinye.

Da aka kwashe kwanuka ta nuna mini ƙasa da yatsa. Na durƙusa gaban Baba Roni na ce na ci amanarsa, na yi karambani a abin da ban fahimta ba, ya yafe mini. Hajiya ta jawo Sandra ta zaunar da ita kusa da ita a doguwar kujera, ta riƙe hannunta, ta ce mata da Turancinta na Kumasi ta faɗi abin da ke ranta.

Sandra ta ce, "Ranar da mahaifiyata ta rasu yana can wani gari yana kiɗa. Ni kaɗai ce a asibiti. Ba zan zauna ina jiran wani ya bugo mini waya daga wata mashaya ya ce in zo in ɗauki gawar ubana ba. Ba zan iya ba."

Baba Roni ya sunkuyar da kai. Des ma ya sami abin kallo a silin.

"Gaskiya ne, 'yata," in ji Hajiya. "Ba wanda zai ce ba ka da gaskiya. Amma kai likita ne. Dubi shi da kyau. Tun da ya zo gidan nan, yana ƙaruwa ne ko yana raguwa?"

Sandra ta dubi ubanta, irin duban da ina jin ta daɗe tana gudu. Sai hawaye.

"Likitan zuciya, me ya ce? Ya ce a bari?" in ji Hajiya.

Baba Roni ne ya amsa daga kujerarsa. "Cewa ya yi a rage."

"Haka ne?" Hajiya ta tambayi Sandra.

Sandra ta gyaɗa kai.

Daga nan Hajiya ta shiga ciniki, kuma duk wanda ya taɓa ganinta gaban mai kifi ya san ba a cin ta. Sandra ta ce sau ɗaya a wata, Des ya ce sau huɗu, Hajiya ta yanke biyu. Wasan rana kawai. Ba zai ɗaga ko sandar makirfo ba. Minti arba'in, ba ƙari, Sandra ce da agogo, idan lokaci ya cika ni zan ɗaga farin tawul daga gefen dandamali, shi kuma ya ajiye sanduna ko ana tsakiyar waƙa. Kuma sai likitan zuciya ya sa hannu. In aka saɓa ko ɗaya, magana ta mutu. Aka tambayi Baba Roni ya yarda, ya ce ya yarda. Da za mu fita na sake cewa, "Baba, ka yafe mini?"

"Zan gani," in ji shi.

Likita ya sa hannu. Wasan farko a wani bikin bazara ne a filin shaƙatawa na arewacin London, ƙarfe uku na rana, ranar kuwa Allah ya ba mu rana ta gaske. Des ya nemo mana wasan da kansa, ya kuma baza labari cewa Roni ya dawo. Tsofaffin matan nan suka zo bas-bas. Hajiya ta zo da direbobinta da ma'aikatan asibiti, suka shimfiɗa zannuwa a ciyawa can gaba. Ni na ɗaura gangunan ɗaya bayan ɗaya. Baba Roni ya hau ya zauna, ya matsa wannan ya karkata wancan, ko kallona bai yi ba.

Ya haɗa sandunansa sau huɗu, suka tashi. Waƙar farko ya yi ta lalube, har Des ya waiga sau biyu. Na ce shi ke nan, na kashe mutum. A ta biyu sai na ji ƙafar dama ta zauna, babbar ganga ta fara dukan ƙirjina yadda na saba. A ta uku bakinsa ya washe. Wayyo daɗi! Sandunan tsofaffin matan suka zube a ciyawa, fili ya cika, Hajiya Mariama da kanta ta miƙe ta gyara ɗaurin zane tana juyi a hankali, direbobin bas suna mata tafi. Ni ina gefen dandamali da tawul a kafaɗa, ina dariya ina share ido.

Sandra na tsaye kusa da ni, jakar magani a hannu ɗaya, agogo a ɗayan. Na leƙa agogon na ga saura minti biyu, sannan saura ɗaya. Sai ga shi ya cika, daidai lokacin da suka shiga waƙar da aka fi saninsu da ita, fili duka ya ɗauka da baki ɗaya. Baba Roni ya waigo ya dube ni. Ya san lokaci ya yi. Yana duka yana kallon tawul ɗin da ke kafaɗata, kuma na ga a fuskarsa idan na ɗaga zai ajiye, don ya yi alkawari.

Na sauke tawul ɗin daga kafaɗa. Na ce, "Sandra, lokaci ya yi. Amma ni na gama yanke wa mutane hukunci. Ga shi, mahaifinki ne."

Ta karɓa. Ta dubi tawul, ta dubi ubanta, gumi na zuba daga sanƙonsa, hannuwa na tashi suna sauka.

"Tun ina 'yar firamare rabon da in ga wannan dariyar," ta ce. Ta share fuskarta da tawul ɗin, ta cusa shi cikin jakar magani, ta ja zif. "Bar shi ya ƙarasa."

Ya ƙarasa, ya kuma ƙara ɗaya a kai. Da ya sauko rigarsa sharkaf, Sandra ta kama wuyan hannunsa tana auna bugun jini tana yi masa faɗa tana dariya, duk a lokaci ɗaya. Ni na koma gefe ina kwance ganguna, ban yarda na ɗaga kai ba. Sai na ga takalmansa sun tsaya a gabana.

"Sani."

"Na'am, Baba."

"Asabar ta sama, ƙarfe tara na safe. Kada ka makara."

Na ce to, Baba. Ban kuwa taɓa makara ba, har shekara shida da muka ƙara yi a kan hanya.